Alkakin da na koyo a baje koli ya ƙi fitowa a gida: ɓoye mini sirri aka yi?

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a unguwar Karkada, ina son girki ƙwarai, kuma duk inda na ji an buɗe baje kolin abinci nakan je. A wanda aka yi kwanan baya na ɗanɗani wani alkaki da ban taɓa cin irinsa ba, ga garɗi a waje, ga laushi a ciki, zaƙi ya ratsa shi har tsakiya. Na tambayi mai rumfar, ta faɗa mini komai, na rubuta. Da na zo gida na yi, sai ya fito da tauri, sukari ya daskare a bayansa fari fat. Haka dambun zogalen da na koyo a wata rumfa, nawa caɓewa ya yi. Maigida ya ce ɓoye mini sirri suka yi. Gaskiya ne? Kuma yaya zan riƙa gwada sabon girki ba tare da na yi ta asarar kaya ba?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya bar ki da maigidanki. In na fahimce ki, kina son ki san ko matan nan sun rage miki wani abu da gangan, sannan kina neman hanyar da mace za ta bi ta gwada girkin da ta gano a waje ba tare da kuɗin cefane sun ƙare a kasko ba. Zan amsa miki da abin da sana'a ta koya mini. Na daɗe ina haɗa kayan gara a nan Damagaram, alkaki da nakiya da dubulan da sauransu, kuma ni ma mai zagaya baje koli ce kamarki, wani lokaci in je kallo da saye, wani lokaci in je da kayana.

Da wuya a ce ɓoyewa ta yi. Yadda kika kwatanta alkakinki, ban ga alamar wani haɗi da ya ɓace a ciki ba. Tauri da farin sukari a baya matsala ce ta awo da lokaci da wuta. Matar ta ba ki jerin kaya, kuma ina kyautata zaton da gaskiya ta ba ki. Abin da ya rage shi ne wanda ita kanta ba ta saba faɗa da baki ba: nauyin kwaɓi a tafin hannunta, ƙamshin da take jira kafin ta sa kanwa, ƙarar da mai yake yi idan ya kai. Wadda ta koya a gaban kakarta tun tana ƙarama ba da lamba ta koya ba, shi ya sa in kin matsa mata sai ta ce "ki sa daidai", kuma a wurinta ta gama bayani ke nan. Girkin da aka faɗa a tsaye a bakin rumfa kamar kwatancen gida ne da aka yi wa baƙo: zai kai shi unguwa, amma ƙofar sai ya sake tambaya.

Abin da ake kawowa rumfa

Ki fara da sanin irin abincin da kika ɗanɗana. Baje koli wurin nuna gwaninta ne. A Yamai akwai SAHEL, na noma da kiwo da ruwa da muhalli, wanda aka fara a 2014 ƙarƙashin RECA, ƙungiyar da ta haɗa majalisun noma na jihohi. Akwai SAFEM na sana'o'in hannun mata, an kuma fara bikin gero na FESTIMIL a 2019. Mu ma mun ga namu a Disamban 2018, lokacin Zinder Sabuwa, da gari ya cika da baƙi da masu kayan sayarwa don bikin ranar Jamhuriya, ban da ƙananan da ƙungiyoyin mata kan shirya gab da azumi ko salla. A duk waɗannan, wadda ta biya kuɗin rumfa ba za ta ɗauko kaskon da ya ƙi ba. Ta soya da yawa, ta zaɓi masu kyau, marasa kyan ta bar wa yara a gida. Ke kuma kina gwada yinki na farko da zaɓaɓɓen nata.

Sau da yawa kuma mai tsaron rumfar ba ita ce mai suyar ba. Kayan ƙungiya ne, an turo wadda ta iya magana da lissafi, tsohuwar da hannunta ya faɗa tana can gida a unguwar Birni ko Zango. Mai tsaron za ta faɗa miki abin da ta ga ana sawa, ba ta yi miki ƙarya ba, amma ba ita ke tashi da asuba ta duba kwaɓin ba.

Sai wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: alkakin da kika ci ba na ranar ba ne. Kafin a kawo shi rumfa ya kwana biyu ko uku a rufe, ruwan sukarin da ke bayansa ya bi ƙananan ramukan ciki a hankali har ya kai tsakiya. Alkaki na cikin abubuwan da kwana ke ƙara wa daɗi. In kin yanke wa naki hukunci a yammacin da kika soya shi, kin yi masa gaggawa.

Awo

Mu a nan da tiya muke magana, da gwangwanin tumatir, da ludayi, da kofin shayi. Tiyar gero takan kai wajen kilo 2 da rabi, amma wani mai awo ya cika ta har ta yi tudu, wani ya shafe bakinta, kuma tiyar ɓarzajjiyar alkama ba ta kai nauyin tiyar ƙwayarta ba, don iska ta shiga tsakani. Ludayi kuwa kowane gida da nasa. In mace ta ce miki "tiya ɗaya, mai ludayi biyu", kika zo kika auna da naki, kuna iya bambanta da kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da kowa ya yi kuskure ba. Haka abin yake da girke-girken da ake gani a Facebook da TikTok: yawancinsu daga Kano da Kaduna suke, da mudu suke awo, kofinsu kuma na mililita 240 ne, ya ninka kofin shayinmu sau da dama.

Maganin wannan shi ne ɗan sikelin kicin, irin mai batir ɗin nan. Ban san wani abu da na saya wa sana'ata da ya biya kuɗinsa da wuri kamarsa ba. Ki riƙe cewa lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, lita 1 ta mai wajen giram 920 ce, lita 1 ta fulawa kuwa da kyar take kai giram 600. Wannan kaɗai zai nuna miki dalilin da awon gwangwani ke yaudara. In babu halin sikeli yanzu, ki ware gwangwani ɗaya da cokali ɗaya, ki ɓoye su, kada ki auna komai da wani abu in ba su ba, kuma kullum ki shafe baki.

Inda alkaki yake lalacewa

Bari mu bi shi daga inji har kwano, don nan ne na fi sani.

Alkaki ɓarzajjiyar alkama yake so. In mai inji ya niƙa miki ita ta yi laushi kamar fulawa, kwaɓin zai yi danƙo, ya haɗe, ya fito da tauri. In ya bar ta manya-manya, ba za ta sha ruwa ta kama jikinta ba, ki naɗa ya warware a mai, wanda ya tsira kuma ki ji shi ƙaras-ƙaras a haƙori. Ba na dogara da hannun mai inji, don yau ya matse, gobe ya sassauta. In an kawo mini ɓarzo nakan tankaɗe da rariya, in ware tsaki daban, gari daban, sannan in haɗa da kaina: tsaki kashi 2, gari kashi 1. Ki kuma ce masa ya share injin kafin ya zuba taki, don in yaji ko gero aka niƙa a gabanki, a alkakinki za ki ji shi.

A kilo 1 na wannan haɗin nakan murza mai wajen mililita 150 tun yana busasshe, in yi ta murzawa da tafin hannu har in na dunƙula ya kama, in na taɓa ya watse. Wannan man shi ke kawo garɗi, kuma shi ne farkon abin da masu koyo ke ragewa saboda tsada. Sannan nono mai tsami wajen kwatan lita, in cika da ruwa kaɗan-kaɗan. Kada ki firgita in kin ga kwaɓin ya ɗan yi ruwa a farko. Tsaki a hankali yake sha, abin da kika bari da laushi da yamma za ki tarar ya ɗaure da safe. Wadda ta kwaɓa shi da tauri tun farko, washegari dutse za ta tarar, kuma ina zargin nan ne rabin matsalarki take.

Sai batun kwana. Kowa zai ce miki "ki rufe ya kwana", amma daren Damagaram ba ɗaya ba ne. A Afrilu da Mayu, da rana zafi na wuce digiri 40, ɗaki ba ya hucewa har asuba, kwaɓi kan tashi cikin 'yan awoyi, in kika bar shi har hantsi ya yi tsamin da kanwa ba ta iya kashewa. A Disamba da Janairu kuwa dare na sauka wajen digiri 15 ko ƙasa, kwana ɗaya bai ishe shi ba, sai kin naɗe robar da bargo ko kin ƙara masa yini. Manyan baje koli a lokacin sanyi aka fi yin su, don haka mai yiwuwa ne an faɗa miki ƙa'idar wani yanayi, kin yi aiki da ita a wani. Ki daina duba agogo, ki duba kwaɓin: samansa ya tsattsage, in kin yaga ki ga ƙananan ramuka, ƙamshin tsami mai daɗi ya tashi. In bai kai nan ba, ko me kika yi daga baya tauri zai yi.

Kanwa ita ce mafi wuyar faɗa da baki, don ba ƙarfinta ɗaya ba. Ungurnu daban, jar kanwa daban, kuma ko a iri ɗaya wani dunƙulen rabinsa ƙasa ce. Aikinta biyu ne: ta kashe tsami, kuma haɗuwarta da tsamin nan shi ke fitar da iskar da ke buɗa cikin alkaki. In ta yi kaɗan, ya fito da nauyi da tsami. In ta yi yawa, kwaɓin ya koma rawaya, ya yi saurin yin ja a mai tun cikinsa bai nuna ba, ki ji wani bauri kamar sabulu a maƙogwaro. Abin da nake yi, nakan auna giram 50 na ungurnu in jiƙa a rabin lita na ruwa ya kwana, in tace, in zuba a kwalba. Daga nan da cokali nake sawa, ina murzawa ina ɗanɗanawa, har tsamin ya kwanta ya bar ɗan burbushi. Muddin kwalbar nan ba ta ƙare ba, cokalina na yau daidai yake da na jiya. In ta ƙare na sayi sabuwar kanwa, sai in sake ɗanɗanawa daga farko.

Wuta kuma ta canza a gidajenmu. Tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gas ya shiga kicin da yawa a garin nan, kuma alheri ne, amma tsofaffin masu alkaki a kan icce ko gawayi suke suya, cikin babban kasko mai kauri da mai lita da yawa. Irin wannan man ba ya saurin zafi, ba ya saurin hucewa, a zuba alkaki ashirin bai ji ba. Ke kuma kina da ƙaramin kasko marar kauri a kan gas: kafin ki juya ya yi zafi fiye da kima, kin zuba guda shida ya huce. Alkaki suyar haƙuri yake so, wuta tsaka-tsaki, don ciki ya nuna kafin waje ya yi ja. Mai ma'aunin zafi ta tsaya wajen digiri 150 zuwa 160. Marar shi ta jefa ɗan guntun kwaɓi: ya nutse, ya ɗan jima, ya taso a hankali da ƙananan kumfa. In ya taso nan take yana tsalle, man ya wuce, ki rage wuta ki jira. Ki nemi ƙaramar tukunya mai zurfi da kauri, ta fi faffaɗan kasko riƙe zafi.

Farin da kika gani a baya kuwa, wannan ba na shakkarsa: ruwan sukarinki ya wuce dahuwa, ko tsami ya yi masa kaɗan, ko duka biyun. Sukari in an dafa shi ruwansa ya ƙone da yawa, yana hucewa zai koma ƙwaya. Lemun tsami ko tsamiya da ake sawa ba don ɗanɗano kaɗai ba ne, tsamin yana karya sukarin ya hana shi daskarewa. Nawa awon shi ne sukari kilo 1, ruwa rabin lita, ruwan lemun tsami guda 2 masu ruwa, a sa tun farko su dahu tare. Da sukarin ya narke ki daina juyawa. Ki ɗiga a faranti, ya ɗan huce, ki taɓa da yatsu biyu ki buɗe: in ya yi danƙo ya ja ɗan zare guda ya tsinke, ki sauke. In zaren ya yi kauri bai tsinke ba, ya wuce, kuma mai kauri ba ya shiga ciki, a baya yake tsayawa. Ki tsamo alkaki daga mai, ya ɗan tsane, ki jefa shi da zafinsa cikin ruwan sukari mai ɗumi, ki bar shi ya sha kafin ki kwashe. Masu hali kan gauraya da zuma, ita ba ta saurin daskarewa kuma ƙamshinta daban ne, amma kada ki taɓa zuma sai kwaɓinki ya daidaita.

Dambun kuma

Nasa ya fi sauƙi. Dambu ruwa ne ke caɓa shi, kuma ta hanyoyi sanannu yake shiga. Ko an wanke tsaki ba a bar shi ya tsane ba, ko an zuba ɗanyen zogale da ruwan wankinsa, ko ruwan tukunyar ƙasa ya yi yawa yana tafasa yana taɓa gindin madambaci, ko murfi na tara gumi yana ɗiga a kai. Ki yayyafa wa tsaki ruwa, kada ki jiƙa shi. Kada ki zuba sai tururi ya riga ya taso da ƙarfi, ki toshe mahaɗar tukunya da madambaci da tsumma mai tsabta don kada ya tsere ta gefe, ki shimfiɗa wani ƙyalle ƙarƙashin murfi. Turare biyu ake yi: na farko tsaki shi kaɗai, a sauke a warware shi da hannu ko muciya, a haɗa zogale da albasa da kayan ɗanɗano, a mayar. Mai da ƙuli-ƙuli a ƙarshe. Ki tuna kuma zogalen damina ya fi na rani ruwa, busasshe kuwa shi ne ma ke shan ruwan dambun.

Yadda nake gwada girki

Ba na gwada sabon abu da cikakken awo. Kwata nake yi, giram 250 na alkama ya isa ya nuna mini komai. Kuma ba na canza abu biyu a lokaci guda. Wannan shi ne abin da ya fi wuya ga mace mai zafin nama: alkaki ya ƙi, sai ta ƙara mai, ta rage kanwa, ta canza mai inji, ta sayi wani sukari, duk a yi na biyu. In ya yi kyau ba ta san me ya gyara shi ba, in ya ƙi ba ta san me ya ɓata shi ba. Hanyar da ta fi rage asara ita ce ki kwaɓa sau ɗaya, ki raba roba biyu, ki bambanta su da abu ɗaya tak, misali wannan ki soya da safe, wancan da la'asar. Mai ɗaya, wuta ɗaya, hannu ɗaya, bambancin da kika ji kin san daga ina ya fito.

Ki sayi ƙaramin littafi na girki kaɗai. Ki rubuta wata da yanayi, inda kika sayi alkama da kanwa, nauyin kowane abu, ƙarfe nawa kika kwaɓa, ƙarfe nawa kika soya, da abin da ya fito. Ko ruwa ki rubuta, don a garin nan da muke fama da ƙarancinsa yau na famfo ne, gobe na 'yan garuwa daga wata rijiya, kuma wani ruwan da ɗan kanwa-kanwa a bakinsa, yana rage wa kwaɓi tsami. Bayan shekara guda littafin nan zai fi miki duk abin da kika ji a bakin rumfa, don na kicin ɗinki ne.

Wajen ɗanɗano, kada ki dogara da tunanin abin da kika ci makon jiya, baki na mantuwa kuma yana ƙara gishiri. Ki sayo na mai rumfar ki ajiye kaɗan, alkaki ba ya saurin lalacewa. In naki ya kwana biyu, ki karya nata ki karya naki, ki duba ciki gefe da gefe: girman ramuka, launi, inda zaƙi ya tsaya. Ki ba mutanen gida ba tare da kin faɗa musu wanne ne naki ba. Maigida zai yaba don ya faranta miki, yara kuwa wanda suka fara miƙa wa hannu karo na biyu shi ne amsar.

Wanda ya ƙi ma ba asara ba ne. Ruwan sukarin da ya daskare ki ƙara masa ruwa da lemun tsami ki mayar wuta, zai dawo. Alkaki mai tauri ki daka shi ki zuba wa yara a nono ko kunu. Caɓaɓɓen dambu ki baza shi a faranti ya sha iska, ki mayar madambaci na ɗan lokaci.

In kin koma baje koli

Akwai masu ɓoyewa, ban ce babu ba, musamman a haɗin yaji da kayan ƙamshi. Ni ba na ganin laifinsu. Mace ta shekara ashirin tana ciyar da 'ya'yanta da haɗi ɗaya, ba dole ba ne ta miƙa shi ga duk wanda ya tsaya a gabanta minti biyar. Amma yawancinsu in an bi su da ladabi suna buɗe baki fiye da yadda ake zato. Ki fara da saye, ko na jaka ɗaya ne. Ki je da hantsi kafin cunkoso, kada ki tare ta tana ba da canji. Ki tambayi wadda ta soya da hannunta. "Me da me kika sa?" ita ce tambayar da ta fi kowace rashin amfani, don kowa ya san alkama da mai da sukari ne. Ki tambaye ta yaushe ta kwaɓa, yaushe ta soya, wace kanwa take saye kuma a wurin wa, a kan icce ko gas, kwana nawa da yin wanda ke gabanki, yaya kwaɓin yake a hannu lokacin naɗi. In kun saba, ki roƙi ta bar ki ki zo gida ranar da take da aikin biki, ki taya ta naɗi, ki tafi da ɗan alheri a hannu. Gani ya kori ji. Yini guda a tsakar gidanta zai ba ki abin da takarda ba ta ɗauka.

Ki kuma yi amfani da baje koli wajen sanin kaya, don nan ne ake tara na jihohi wuri ɗaya: tattasan Diffa, albasar Galmi, ayar Maradi, cukun makiyaya, gishirin Bilma, beruwar Dogon Dutsi. Ki shaƙa, ki taɓa, ki sayi kaɗan ki gwada da wanda kika saba. Da yawa daga abin da muke kira sirri, kayan ne kawai suka fi namu kyau. Miyar kukar da aka yi da sabon garin kukar Miriya, wanda aka shanya a inuwa yana nan kore, ba za ta yi daidai da ta garin da ya shekara a buhu ba, ko wa ya dafa. Sai dai ki kula da lafiyarki a wurin ɗanɗane-ɗanɗane: fura da nono da dege da suka yini a rana ba tare da ƙanƙara ba ki bar su, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli mai ɗaci ki tofar, alamar fumfuna ce mai cutar da hanta, kayan leda kuma ki duba ranar da aka yi su.

Akwai abin da ba zan ce ki ɓata kuɗinki a kansa ba. Kilishi, ko ja ko fari ko rumuzu, aikin mahauta ne: yanka nama ya zama shimfiɗa kamar takarda hannu ne na shekaru, ga shanya da ke son rana mai ƙarfi da busasshiyar iska, ga gashi a kan garwashi. Ana yin ɗan na marmari a gida lokacin hunturu ko bazara, amma ba zai kamo na garin Gidigir ba, kuma da damina kada ma ki fara. Cuku shi ma sai da sabon tatso mai yawa. Waɗannan ki saya ki ci.

Ni kuma iyakata ita ce daga nesa nake magana. Ban taɓa kwaɓinki ba, ban ga kaskonki ba, awon da na ba ki nawa ne, da irin alkamar da nake saye, kuma gidajen da suka shahara da alkaki a garin nan kowanne da hannunsa, wasu da tsamiya suke tayar da kwaɓi, wasu da yis, ba nono ba. Ki ɗauki lambobina a matsayin wurin farawa. Ranar Alhamis ki shiga Kasuwar Dole ki sayi alkama tiya guda, a ɓarza miki ita gaba ɗaya don kada ɓarzon ya bambanta, ki tankaɗe ki haɗa, ki raba giram 250-250 a leda. A yi na farko ruwan sukari kaɗai za ki gyara, komai ki bar shi yadda kika yi a baya. A na biyu ki sassauta kwaɓin. A na uku ki raba biyu ki gwada tsawon kwana. In bayan waɗannan har yanzu da tauri, ki sake rubuto mini, ki faɗi watan da kika yi, da yadda cikinsa yake in an karya, da irin kanwar da kika sa.